Inna, Malika Ta Koma Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe, mai wankan gawar matan unguwarmu a Malumfashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, ina sanar da ke muna nan lafiya a Riyad. Surukinki yana nan yana fama da gine-ginen Dir'iyya, ni ma ina nan a ɗakin magani na asibitinmu. Jikokinki sun girma. Har yanzu Larabcinsu ya fi Hausarsu, amma ina ƙoƙari.

Dalilin rubuto miki shi ne, Malika ta koma gida. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kai ta filin jirgi, kuma wannan karon ba hutu ta tafi ba, ta gama aikin Saudiyya ke nan. Tun da na dawo na tarar da ɗakinta a share, katifa a jingine da bango, nake jin bakina cike da magana, kuma ke kaɗai ce za ki gane ta.

Kin tuna ranar da ta fara shigowa gidanmu a unguwar Badi'a? Lokacin ba ki daɗe da zuwa ba, bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ke, muka ɗauko ki daga gida domin ki samu kulawa kusa da ni. Ina aiki, yara suna makaranta, dole a samu mai zama da ke. Aka haɗa mu da wata 'yar Siri Lanka, gajeriya, baƙa kamar mu, wadda ta yi shekara da shekaru tana jinyar wata tsohuwar Balarabiya har ta rasu. Sunanta Mallika. Kika ce wannan ai Malika ce, an dai ja sunan ne kawai. Haka ya bi ta har ranar da ta tafi.

Da kika tambaye ni addininta na ce miki mabiyar Buddha ce, sai kika juya fuska bango. Kika ce ke da kika wanke matan Musulmi fiye da yadda za ki iya ƙirgawa, ba za ki ƙare a hannun wadda ba ta san tsarki ba. Na san ba addinin kaɗai ke damun ki ba. Kunya ce, ta mace mai ƙarfi da ta wayi gari sai an ɗaga ta an kwantar.

Kwanaki ni ce nake yi miki wanka kafin in fita aiki, a gurguje, ina duban agogo. Ranar da na makara, ita ta yi. Da na dawo na same ki fes, an shafa miki mai, an kitse miki kai gida biyu. Sai da ta fita daga ɗakin sannan kika ce mini ta lulluɓe ki da zane ta wanke ki ta ƙarƙashinsa, ba ta ga abin da bai kamata ta gani ba, kuma da dama ta fara. Kika ce, "Yarinyar nan hannunta ya san mutum." Yarinyar da ta haura hamsin.

Daga nan kuka ƙulla. Ban san yadda kuke yi ba. Ke da ɗan Larabcin da kika tsinta a aikin Hajji, ita da nata Larabcin na cikin gida, sauran kuma nuni da hannu. Kafin a jima ta iya "sannu" da "ruwa" da "ya jiki", ke kuma kika iya ce mata "shuwayya-shuwayya", wato a hankali, idan ta ja miki ƙafa da ƙarfi. Abin da ya gagare ku sai ku ajiye mini shi zuwa Juma'a, ranar hutuna, in zauna tsakaninku ina juyawa daga Hausa zuwa Turanci.

Tambayarki ta farko a irin wannan zama ba ta ba ni mamaki ba, don na san ki da sana'arki. Kika ce in tambaye ta, su idan mutum ya mutu yaya suke yi da shi?

Ta ce ba sa gaggawa. Gawa takan kwana biyu ko uku a tsakiyar falo cikin akwati, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kunna fitilar man kwakwa a gefen kai, kada a bari ta mutu. Kowa ya sa fararen kaya, a rataya fararen ƙyallaye a kan hanya tun daga bakin titi har ƙofar gida, don baƙo ya san inda aka yi rashi. Kika yi ta girgiza kai kina cewa ana wahalar da bawan Allah. Amma da ta ce ba a hura wuta a gidan sai an fita da gawa, maƙwabta ne ke kawo abinci, sai kika ɗaga hannunki mai lafiya kika ce, "To, nan kam sun yi daidai."

Ta ce ranar fita da gawa malaman addininsu suke zuwa, masu aske kai ƙwal su yafa mayafi ruwan goro. A ba su farin yadi sadaka da sunan mamacin. Sannan dangi su durƙusa, kowa ya ɗora hannu a kan buta ɗaya, a riƙa tsiyaya ruwa cikin kofi har ya cika ya tumbatsa. Ta ce nufinsu shi ne ladan sadakar ya kwarara ya isa ga wanda ya tafi. Bayan nan wasu a binne su, wasu a ƙone.

Kalmar ƙonawar nan ta tsaya miki a wuya. Kika yi salati, kika ce in tura ki ɗaki. Ranar ba ki ƙara yi mata magana ba, ita kuma ta yi ta zagaye tana tambaya ta ko ta yi laifi. Washegari da safe tana ba ki koko, na ji kin kira ni kina cewa in tambaye ta, wa ke sa wutar? Ta ce a ƙauyensu 'ya'yan 'yan'uwan mamaci ne, su biyu, kuma sai sun juya baya suke miƙa wutar, ba sa kallo. Kika ce, "Ashe su ma abin yana yi musu ciwo."

Sai kuma ranar Lata. Kin tuna ta, Ba'indiyar nan mai gashin ƙashi daga asibitinmu, wadda ke zuwa tana lanƙwasa miki ƙafa kina yi mata Allah-ya-isa cikin wasa. Ita addinin Hindu take bi. Tana cikin aikinta ta ji abin da muke tattaunawa, ta yi dariya ta ce ai duk wannan nasu ne aka ara. Ta ce Buddha a cikin kakanninsu ya tashi, kuma ya tarar ana ƙona gawa, ana zuba wa mamaci ruwa, ana cewa rai yakan sake dawowa duniya cikin wani jiki gwargwadon aikinsa. Su babban ɗa ne ke sa wuta. Bayan nan a yi kwanaki ana dunƙula dafaffiyar shinkafa ana ajiye wa mamacin, da ruwa mai riɗi a ciki, saboda a ganinsu yana nan yana yawo da yunwa da ƙishi, bai isa wurin kakanni ba tukuna. Ta ce irin wannan mamacin suna ce masa pireta.

Malika ta zaro ido ta ce su ma da kalmar suke amfani. Sai dai su a wurinsu ba kowane mamaci ne ke zama haka ba, sai wanda ya mutu da kwaɗayi ko zuciyarsa na maƙale da abin duniya. Kuma shinkafa ba ta isa gare shi. Sai dai a ciyar da rayayye, ladan ya same shi. Suka dinga musu, wannan ta ce nasu ne na asali, waccan ta ce nasu ne aka gyara, ni ina ta fassara har bakina ya bushe, ƙafarki kuma tana sama a hannun Lata an manta da ita.

Da suka lafa kika ce in gaya musu, mu tafiya ɗaya muke yi, ba a dawowa. Kabari, sai tashin alƙiyama, sai hisabi. Kika faɗa ba tare da kin sassauta ko kalma ɗaya ba. Sannan kika ƙara da cewa, "Amma na lura kowa tsoronsa ɗaya, kada nasa ya tafi ba guzuri. A sauke mini ƙafata."

Bayan nan annoba ta zo, aka rufe filayen jirgi, aka sa dokar hana fita. A cikin wannan kulle ne 'yar Malika ta bugo waya ta ce mahaifinta, mijin Malika, ya yanke jiki ya faɗi a cikin kekensa na haya, kafin a kai asibiti ya cika. Surukinki, da yake shi ne kafilinta, mai ɗauke da nauyin zamanta a ƙasar, ya buga waya duk inda ya sani. Babu jirgi. A fuskar waya ta kalli jana'izar mijinta, tana zaune a kan tayil ɗin kicin, mutane 'yan kaɗan da takunkumi a fuska.

Ba ta fasa aikinta ba. Ta yi miki wanka, ta ba ki magani, ta juya ki. Ke ce kika lura ba ta cin abinci, kuma tana ƙirga wani abu da yatsu. Kika sa na tambaye ta. Da ƙyar ta faɗa cewa ranar bakwai ake yin babbar sadaka, a dafa abinci a ciyar da malamansu. A can ƙasarsu dokar kulle ta hana taro, 'yarta kuma ita kaɗai ce. Nan Riyad babu malaminsu ko ɗaya, babu wurin ibadarsu. Mijin nata kuwa mashayi ne, ya mutu farat ɗaya, ba wanda ya san abin da ke ransa a lokacin. Tana tsoron yana can yana yawo da yunwa, ita tana nan tana dafa wa wasu abinci.

Ba ta roƙi komai ba, Inna. Ke kika ce a tafi kasuwar Utaiƙa a sayo buhun shinkafa da ɗan ƙaramin waken nan da ake kira adas da kwakwa da duk ganyen da ta ambata.

Surukinki ya ja da baya. Ya same ni a ɗaki ya ce shi fa yana tsoron a yi bikin wani addini a ƙarƙashin rufinsa, kuma a ƙasar da ba tamu ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma zuciyata ta yi rawa. Da na kawo miki maganar, kika ja mayafi kika rufe rabin fuska kamar yadda kike yi idan yana kusa, kika ɗaga murya yadda zai ji daga falo. Kika ce, "A faɗa wa maigidan nan ni ba ibadar kowa zan yi ba. Abinci zan bayar saboda Allah. Abin da ke zuciyar mai dafawa, tsakaninta da Wanda Ya halicce ta." Duk da haka sai da ya kira wani abokinsa da ke karatun shari'a a nan. Abokin ya ce ciyar da mayunwaci alheri ne, kyautata wa mai yi maka hidima ma haka, mu dai kada mu shiga cikin addu'o'insu. Sannan hankalinsa ya kwanta, kuma shi da kansa ya ce ya san inda za a kai.

Akwai wani masaukin leburori a bayan Dir'iyya, inda aiki ya tsaya, maza suna zaune ɗaki-ɗaki ba abin yi, girki sai wanda ya samu. Hausawa ne da 'yan Bangaladash da 'yan Nepal. Da yake surukinki yana da takardar izinin fita, shi ya loda robobin abincin a bayan mota. Shinkafa, miyar adas da madarar kwakwa, kabewa, da wani yaji da ya sa ni hawaye tun daga ƙofar kicin. Ya dawo yana ba mu labarin wani dattijo ɗan Gaya da ya cinye, ya share gumi, ya ce wannan wace irin miya ce mai faɗa da mutum, a ƙaro in da saura. Na fassara wa Malika. Ranar ce ta fara yin dariya tun bayan rasuwar.

Abin da na fi tunawa a ranar shi ne bayan motar ta tafi. Malika ta ɗauki jug da kofi da faranti ta shiga ɗakinta ta rufe. Kika ce in tura kekenki zuwa bakin ƙofar, in juya ki ki ba ƙofar baya. Kika zauna nan da carbinki kina istigfari. Da yara suka taho da gudu za su buga mata ƙofa, kallo ɗaya kika yi musu suka koma. Ba ki tashi ba sai da ta fito da jajayen idanu, ta durƙusa ta taɓa ƙafafunki da hannu biyu. Kika janye ƙafar da ke motsi kika ce mata ba a yi wa mutum haka, ta tashi ta ci abinci.

Yanzu ga abin da ban sani ba ko kin riƙe shi.

Bayan likitoci sun ce zuciyarki ta gaji, mu ɗauke ki daga asibiti mu mayar da ke gidanmu, na ci gaba da zuwa aiki saboda ba a ba da hutu a lokacin. Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, ina tsaye ina ba wani magani, wayata ta yi ƙara. Malika ta ce, "Madam, zo. Inna tafiya." Ban san yadda na fito ba. Hanya ta cushe, ina ta addu'a Allah Ya sa in same ki.

Daga baya ta gaya mini kin firgita. Kina ta fizge-fizge, kina kama zanen gado, idonki na neman wani abu a silin. Su a addininsu suna ba wa tunanin ƙarshe muhimmanci ƙwarai, suna cewa da shi mutum ke tafiya. Shi ya sa idan nasu na gargara, sukan zauna kusa da shi su riƙa tuna masa alheran da ya yi, don zuciyarsa ta sake. Ita abin da ta sani ke nan, shi ta yi miki.

Da na shigo na same ta durƙushe a gefen gadon, hannunki cikin nata, tana magana a hankali da Hausarta mai gutsuri-gutsuri. Ashe duk hirar da kuke yi tana riƙe da sunayen. "Inna wanka Hajiya Dije. Inna wanka Talatu mai ƙosai. Inna wanka mace tasha, ba dangi, ba suna. Inna ba karɓi komai. Inna abinci Dir'iyya. Allah shuf, Inna. Allah gani." Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Ke kuma kin yi lamo, numfashinki ya daidaita, kina kallon bakinta.

Tana ganina ta miƙe, ta sa hannunki cikin nawa, ta ja ni zuwa saitin kunnenki. Ta ce, "Yanzu naki." Ta san akwai kalmar da ba ita ya kamata ta faɗa miki ba. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Na ce La'ilaha illallah, na sake faɗa. A karo na uku leɓunanki suka bi ni. Na ji da kunnena, Inna. Ita ma ta ji.

Washegari bayan an gama takardu aka kai ki ɗakin wankan gawa na masallaci. Matan wurin suka ce 'ya za ta iya shiga. Ni da na girma ina ganin kina fita da garwa da ganyen magarya, ban taɓa bin ki ba ko sau ɗaya, tsoro nake ji. Ranar na shiga. Na riƙe zanen na lulluɓe ki, muka fara da dama. Ban yi kuka ba sai da aka ɗaure likkafani.

Malika ba ta shiga ba, a mota ta jira, da fararen kaya a ƙarƙashin abayarta. Bayan sallar la'asar maza suka wuce da ke maƙabarta, mu mata muka dawo gida. Ta zauna kusa da ni a kan gadonki ta ce mun cika sauri, ita ba ta gama kallon ki ba. Na ce haka kike so, kin sha faɗa cewa jinkirta gawa zalunci ne. Ta ce ta sani, amma duk da haka. Kwana uku ta hana kowa kunna gas a gidan, matan 'yan Najeriya na unguwa kuwa ba su bar mu da yunwa ba.

Ta ci gaba da zama da mu bayanki, ko da yake babu majinyaci. Ta ce sai ta ga 'yarta ta gama karatun jinya. To, ta gama, har ta samu aiki, gwiwoyin Malika kuma sun fara ciwo.

A filin jirgi, bayan an auna kaya, ta ja ni gefe. Na zaci sallama za ta yi. Sai ta ce tana da roƙo ɗaya. Ta ce rabin rayuwarta a gidajen mutane ta yi shi a ƙasar nan. Mutanen ƙauyensu sun ga rufin kwano da ta yi, sun ga kayan da take aikawa, amma babu wanda ya ga aikin da ta yi da hannunta. Ko 'yarta ba ta gani ba. Idan ranarta ta zo, za su zauna a gefenta su rasa abin da za su tuna mata. Ta ce ta riga ta gaya wa 'yar, idan ta ga alama, ta kira ni, ta sa mata wayar a kunne. "Madam gani," in ji ta. "Madam faɗa."

Na ce mata na ɗauka. Na ce ko ina tsakiyar aiki ne zan ajiye in amsa. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta ta shige layi, ba ta waiwayo ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya sa matan da kika suturta su zama shaida a gare ki, Ya sa kalmar da kika cika da ita ta tsaya miki ranar da babu mai tsaya wa wani. Malika kuma, Allah Ya hutar da gajiyarta, Ya ba ta lafiyar gwiwa da daɗin 'yarta, Ya haska mata hanyar da kika yi ta roƙa mata a bayan sallolinki. Ya sa kiran nan ya yi nisa ƙwarai. Idan kuma ya zo, Allah Ya sa ina raye, Ya ba ni muryar da ba za ta karye ba, don abin faɗa yana da yawa.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Rakiya
Badi'a, Riyad